Musulunci Da Ruwan Masana'antu: Haƙƙin Wanda Yake Ƙasan Gulbi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya ruwa ya zama abin sha kuma abin tsarki ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu ja hankalin masu karatu, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, zuwa ga wata mas'ala wadda ba a cika jin ta a wurin wa'azi ba, alhali kuwa tushenta yana cikin babukan farko da kowane ɗalibi ke karantawa in ya ɗauki littafin fiƙihu. Mas'alar kuwa ita ce ta ruwan masana'antu, watau ɗimbin ruwan da suke ɗiba don yin aiki, da kuma wanda suke sakowa bayan sun gama, ya cakuɗe da magunguna da sinadarai, ya bi magudana ya faɗa gulbi.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne halin da ƙasar Kabi ta shiga. Tun daga 2015, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Jihar Kebbi, masu kuɗi suka juyo da hankalinsu gare ta. An kafa manyan injinan shinkafa, kamar na WACOT wanda aka buɗe a Argungu cikin 2017, kuma duk inda noma ya bunƙasa, to, masu taki da maganin feshi da sauran sana'o'in sinadarai suna biye. Wannan arziki ne, muna kuwa yi wa Allah godiya a kansa. Amma mutanen Mungadi da Maiyama da Jega da Aliero, waɗanda abincinsu ya rataya a kan fadama da rijiya da gulbi, ya kamata su san abin da ya sami waɗanda suka riga su shiga wannan hanya. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Matsayin Ruwa A Shari'a

A cikin Suratul Anbiya, aya ta 30, Allah ya sanar da mu cewa asalin duk wani mai rai daga ruwa yake. A Suratul A'araf kuma, aya ta 31, ya hana almubazzaranci a ci da sha, sa'an nan a aya ta 56 ya hana ɓarna a bayan ƙasa. A kan waɗannan ginshiƙai ne malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka gina hukunce-hukunce guda uku waɗanda suka shafi maganarmu.

Na farko shi ne hukuncin siffar ruwa. Duk wanda ya karanta Ishmawi ko Ahalari ko Iziyya ya san ana duba abu uku: launi da ɗanɗano da ƙamshi. In najasa ta canza ɗaya daga cikinsu, ruwan ya ɓaci, ba alwala ba girki. In kuwa wani abu mai tsarki ne ya canza shi, irin wanda ba a cikinsa ruwan yake zaune ba, kamar sabulu ko mai, to, ba a ibada da shi. Ashe ke nan mutumin da ya saki ruwan rini ko na jima cikin rafin da jama'a ke ɗiba, har launinsa ko ƙamshinsa ya juya, ya hana ƙauye guda ruwan alwala, ya mai da su masu taimama alhali ga ruwa yana gudana a gabansu.

Na biyu shi ne hukuncin gwargwado. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, yakan yi alwala da mudu guda, wanda bai kai lita 1 ba, yakan kuma yi wanka da sa'i guda, watau mudu 4. Mai Risala ya nuna cewa ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki shi ne sunna, wuce iyaka kuwa abin ƙi ne. Imamu Ahmad da Ibn Majah sun ruwaito cewa an tsawatar wa Sa'adu, Allah ya yarda da shi, a kan yawaita ruwan alwala, aka nuna masa cewa ko a bakin kogi mai gudu mutum yake, almubazzaranci yana nan a matsayinsa. To, in an ƙididdige wa mai neman lada ruwan da zai zuba, ina ga mai neman riba?

Na uku shi ne hukuncin maƙwabtaka. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo hukuncin da Annabi ya yanke game da kwarurukan Mahzur da Muzainib na Madina, cewa mai gonar sama ya tsare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga na ƙasa. Ma'ana, wanda ruwa ya fara isowa gare shi ba mallakarsa ba ne, akwai rabon wani a ciki. An kuma hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, an kuma tsoratar da mai yin bayan gida a mashaya da cewa yana jawo wa kansa tsinuwa. Har ila yau akwai ƙa'idar nan da ta hana cuta da cutarwa. A kanta ne Shehu Halilu, a cikin Muhtasar, ya tabbatar da cewa alƙali yana hana hayaƙin da ke cutar da maƙwabta, yana kuma hana wari, misalin da ya bayar na warin kuwa shi ne na majema. In Shari'a ta karɓi ƙarar maƙwabci a kan wari kawai, yaya za ta ƙi karɓar ƙararsa a kan guba a rijiyarsa?

Abin Da Ya Sami Kogunan Kano

Jima tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta da sunan Maroko saboda ta can take isa gare su. Majeman gargajiya suna aiki ne da toka da bagaruwa, abubuwan da ƙasa ta fitar kuma take iya haɗiyewa. Haka marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano: baba da toka ake zubawa a karofi, ruwan ya daɗe ana rini da shi, in ya mutu a kwashe abin da ya kwanta a ƙasa a busar a ƙone, ya zama katsi, a koma da shi wajen aikin gini da gyaran karofin. Kakanninmu ba su da digiri, amma ba su zubar da abin da za a sake mora.

Da zamani ya zo aka kafa unguwannin masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, aikin jima ya koma na inji da sinadarai. Ga yadda yake. Ana jiƙa fata don a wanke gishirin da aka adana ta da shi. Sa'an nan a sa ta cikin ruwan farar hodar ƙonannen dutse da wani sinadari na farar wuta, wanda ke narkar da gashi. Daga nan a wanke, a sa ta cikin asid irin na ruwan batir tare da gishiri, kana a jeme ta da wani gishirin ƙarfe da ake kira kuromiyam, wanda ke ba ta launin shuɗi-shuɗi. Kowane mataki yana cin ruwa, kowane kuma yana fitar da datti irin nasa. A tsarin da aka saba, tan guda na ɗanyar fata yakan ci lita 30,000 zuwa 40,000 na ruwa, watau jarka 1,200 ko fiye, irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Kuromiyam ɗin kuma, kusan kashi biyu cikin uku ne kawai fata ke sha, sauran yana bin ruwa ya fita.

Ina yake zuwa? Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya zarce madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, wanda shi ne kuma ke karɓar na unguwar Challawa. Kogin Challawa ya haɗu da kogin Kano wajen Tamburawa, su zama kogin Haɗeja, wanda ke ratsa Wudil da Ringim da Haɗeja har ƙasar Yobe. A kan waɗannan koguna ne ake da matatun ruwan sha na Challawa da Tamburawa, a bakinsu kuma dubban manoman rani ke ban ruwa ga latas da alayyafo da tumatir da ake kaiwa kasuwannin birni. Masana na jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Bayero, sun sha auna ruwan nan da ƙasar bakinsa da ganyayen da ake nomawa, sun kuma sha samun ƙarafa masu cutarwa a ciki.

Masana'antu da yawa na Kano da na Kakuri a Kaduna sun rufe tun daga shekarun 2000, saboda matsalar wutar lantarki da kayan waje. Ma'aikata sun watse, masu jari sun juya dukiyarsu wani wuri, amma ƙarfen da ya kwanta a laka ba ya ruɓewa. Riba ta tafi da masu ita, laka ta zauna da talakawa.

Kada mutumin Jega ya ce wannan maganar Kanawa ce. Fatun da ake tarawa a kasuwannin ƙasar Kabi da Sakkwato, galibinsu Kano suke nufa. Saboda haka mu ma muna da hannu a cinikin, muna kuma da rabo a tambayar da za a yi a kansa.

Gubar Da Ido Ba Ya Gani

A nan akwai wani wuri mai santsi da ya kamata malamai da ɗalibai su lura da shi. Ma'aunin launi da ɗanɗano da ƙamshi, ma'auni ne na tsarkin ibada. Shari'a ta sauƙaƙa shi don kowa ya iya amfani da shi, makiyayi a daji da matafiyi a hanya. Amma akwai guba irin ta dalma da zaiba wadda kaɗan daga cikinta ya isa ya cutar, alhali ruwan yana nan garau, ba wari ba ɗaci. Irin wannan ruwa, alwalar wanda ya yi da shi ta inganta, amma shayar da mutane shi bayan an san abin da ke ciki haramun ne, ta babin cutarwa. Kada mai masana'anta ya ɗebo ruwan magudanarsa a kwalba ya ɗaga wa rana ya ce ai ga shi fari tas. Hukuncin cuta ana komawa ne ga masana abin, kamar yadda alƙali ke komawa ga likita a kan rauni.

Mutanen garin Minamata na ƙasar Japan sun ga wannan da idonsu. Wani kamfanin sinadarai mai suna Chisso ya shekara da shekaru yana sakin ruwa mai zaiba cikin tekun da suke kamun kifi. Gubar ta taru a jikin kifi, ta shiga jikin masunta da iyalansu. A 1956 aka fara gane cutar, mutane suna makyarkyata, gani da magana suna lalacewa, ana haihuwar jarirai da nakasa, amma ba a daina sakin ruwan ba sai 1968. Waɗanda hukuma ta tabbatar sun kamu sun haura 2,000.

Ba sai mun je Japan ba ma. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, gubar dalma ta kashe yara kimanin 400. Dutsen zinariya ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurarsa ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe, ana kuma wanke shi a kududdufai da bakin rijiyoyi. Iyaye ba su ga komai ba sai da 'ya'ya suka fara suma. Mu tuna kuma cewa gulbin Zamfara, wanda ya ratso ƙasar Bukkuyum da Gummi, shi ne ya iso Jega ake kiransa gulbin Gindi. Duk wanda ke bakin gulbi, na ƙasa ne ga wani, na sama ne ga wani.

Dabarun Rage Ɓarna

Abin farin ciki shi ne masana aikin sun daɗe da gano magani, kuma yawancinsa ba ya bukatar dukiya mai yawa. Ƙa'idarsu ta yi daidai da ta Risala: a ƙaranta ruwa, a kyautata aiki. Ruwan da ba a ɓata ba, ba a biyan kuɗin tace shi.

Farko, a auna. Masana'antar da ba ta da mita a bakin rijiyarta da bakin magudanarta, ba ta san abin da take ci ba balle ta rage. Ɗan kasuwar da ba ya barin kwabo ya fita ba a rubuta ba, bai kamata ya bar ruwa yana kwarara ba lissafi ba.

Na biyu, a daina wanki da famfo a buɗe. In aka zuba ruwa gwargwado a gangar wanki aka rufe, aka juya, aka zubar, ana samun tsabta iri ɗaya da ruwa kaɗan. Bambancin kamar na mai alwala da buta ne da mai alwala a bakin famfo.

Na uku, a maimaita. Kowace uwar gida ta san ruwan ɗaurayar farin kaya shi ake fara wankin masu datti da shi. Haka ake yi a masana'anta: ruwan ɗaurayar ƙarshe ya zama na jiƙon farko a zubi na gaba. A masana'antun sinadarai kuwa, mafi yawan ruwan da ake ɗiba na sanyaya inji ne. In aka gina masa hasumiyar shan iska ya huce ya koma, sai ɗan abin da ya tashi tururi da ɗan wanda ake fitarwa kawai za a riƙa cikawa.

Na huɗu, a raba magudanai. Ruwan sama daban, na banɗaki daban, mai sinadari daban. Guga guda na guba in ya shiga tanki, ya mai da tankin duka guba. A majema ma wannan batun rai ne, domin in ruwan cire gashi ya haɗu da ruwa mai asid, yakan fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa takan kashe ma'aikaci nan take a cikin rami.

Na biyar, a ƙwato abin da ke da daraja. Ruwan kuromiyam in aka tara shi shi kaɗai aka zuba masa wata farar hoda, ƙarfen yakan kwanta a ƙasa, a tsiyaye ruwan, a narkar da abin da ya kwanta da asid a sake jima da shi. Kuromiyam kuwa da kuɗin waje ake sayo shi, saboda haka wanda ya zubar da shi a kogi ya yi hasara biyu, ta aljihu da ta lahira. Haka gishiri: in aka kakkaɓe shi daga fata kafin a jiƙa, an rage wanda zai je ya kashe gonar wani. Gashi kuma ana iya cire shi ba tare da an narkar ba, a yi taki da shi.

Na shida, abin da ya rage a tace shi kafin a saki: a tara a tafki datti ya kwanta, a hura masa iska ƙananan halittu su cinye ruɓaɓɓen abin da ke ciki, lakar kuma a binne ta a ramin da aka daɓe don kada ta tsiyaya cikin rijiyoyi. Kada a ƙone ta, domin wuta takan juya kuromiyam ya koma wani nau'i mai sa ciwon daji. In ƙananan masu sana'a ba za su iya ɗaya ɗaya ba, sai su haɗa kuɗi su gina matata guda, kamar yadda 'yan kasuwa ke haɗuwa su ɗauki mai gadi.

Injin shinkafa ma yana da nasa. Ruwan da ake jiƙa shinkafa da shi kafin a turara ta ba shi da guba irin ta majema, amma yana ɗauke da abin da ke ruɓewa. In ya shiga rafi da yawa yakan cinye iskar da kifi ke shaƙa, ruwa ya yi baƙi ya yi wari. In kuwa aka bi da shi ta tafkunan tacewa, sai ya zama ruwan ban ruwa a lokacin rani.

Shin Ruwan Da Aka Tace Ya Halatta?

Wani mai tsantseni zai tambaya, shin ruwan da ya taɓa ɓaci yana komawa mai tsarki? An gabatar da wannan tambaya ga Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar Saudiyya, kuma a 1978 ta ba da fatawa cewa ruwan datti in aka tace shi sosai har ya koma asalinsa, ba alamar najasa a launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa, to, ya tsarkaka, shansa ma ya halatta muddin babu cuta ga lafiya. Saboda haka babu wani uzuri na addini da zai hana masana'anta maimaita ruwanta.

Ƙasashe biyu sun isa misali. A jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya, inda garuruwa irin su Ambur da Vaniyambadi suka shahara da jima, kuma da yawa daga masu majemun Musulmi ne, ruwan datti ya lalata kogin Palar da rijiyoyi da gonaki. A 1996 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci cewa wanda ya ɓata shi zai biya diyya da kuɗin gyara. Daga baya aka tilasta musu tsarin da ba a sakin ruwa waje ko kaɗan, sai a tace a mayar cikin aiki. Sana'ar ba ta mutu ba. A Bangaladash kuwa, a 2017 aka tashi majemun unguwar Hazaribagh ta birnin Dhaka aka mai da su Savar, amma da yake babbar matatar da aka gina can ba ta yi aiki yadda ya kamata ba, sai dattin ya bar kogin Buriganga ya koma kogin Dhaleshwari. Kawar da cuta daga ƙofarka zuwa ƙofar wani ba ya sauke nauyi.

Amanar Ma'aikaci Da Ta Ɗan Kasuwa

Nijeriya ba ta rasa doka ba. A 1988 aka gano an jibge gangunan guba fiye da tan 3,000 daga ƙasar Italiya a garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel. A wannan shekara gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da irin wannan guba, da mai lamba 58 wadda ta kafa hukumar FEPA. A 1991 aka wajabta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta saki. A 1992 doka mai lamba 86 ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki kafin a fara shi. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, wadda a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga masana'antun fata da yadi, da na sinadarai da sabulu. Takardu sun cika, abin da ake nema shi ne masu tsoron Allah da za su zartar.

Ya kai ma'aikaci, sa hannunka a takardar izni shaida ce, kuma ka san matsayin shaidar zur. In an aike ka duba matata ka tarar injinta a kashe, sai an ji zuwanka ake tayar da shi, to, rubuta abin da ka gani. Ka tuna da labarin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Buhari da Muslim, ma'aikacin zakka wanda ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa ai da ba wanda zai kawo masa. Ambulan da aka miƙa maka a ofishin manaja, kuɗin lafiyar yaran da ba ka taɓa gani ba ne. Aikinka shi ne wanda magabata ke kira hisba, kuma a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan haƙƙin talakawa a wuyan masu mulki, bai kamata a ce wannan baƙon abu ne ba.

Kai kuma Alhaji mai jari, kuɗin matata ka sa shi cikin lissafi tun ranar da kake sa kuɗin inji, domin tun ran gini ran zane. A Shari'a, wanda ya lalata dukiyar wani ya lamunce ta, da gangan ya yi ko da kuskure. Albasar da ta ƙone da kifin da ya mutu da rijiyar da aka daina sha, duk bashi ne. Gina masallaci da zuwa Umra ba su biyan haƙƙin bawa, sai an biya shi ko ya yafe. Sayyidina Usmanu, Allah ya yarda da shi, attajiri ne kamarka, ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafinta ga Musulmin Madina, ana ambatonsa da ita har yau. Kowa ya zaɓi irin rijiyar da za a tuna shi da ita.

Maganar ba ta tsaya ga manyan kamfanoni ba. Mai rinin shadda da ke zubar da ruwan soda a kwata, da bakanike mai tuttular da baƙin mai a ƙasa, da manomi mai wanke tankin feshi a gulbi, da mai zuba maganin ƙwari a tafki don ya kwashi kifi, da mai sayar da jarkar maganin feshi ga masu ɗiban ruwa, duk hukuncin ɗaya ne, sai dai girman laifi gwargwadon girman cuta.

Kira Ga Mutanen Mungadi Da Maƙwabtansu

Ruwan fadama kusa yake da sama, shi ya sa manomin albasa a Aliero da na shinkafa a Maiyama ke samunsa da ɗan gajeren bututu. Wannan kusancin shi ne kuma ke sa abin da aka zubar a ƙasa ya isa gare shi da wuri. Saboda haka in an zo neman fili don kafa masana'anta, hakimai da dagatai da limamai su yi maraba, sa'an nan su yi tambaya uku kafin a sa hannu: ruwa nawa za a ɗiba kuma daga ina, me zai shiga cikinsa, ina za a sake shi? A nemi amsar a rubuce. A kuma nemi masana na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, su auna rijiyoyin wurin tun kafin a aza tubali, domin in an yi jayayya nan gaba a sami hujja.

Tsare ruwa ba baƙon abu ba ne ga Kabawa. A Argungu an san yadda ake hana kamun kifi a Matan Fada har sai lokacinsa ya yi, Sarkin Ruwa yana lura, jama'a suna biyayya, shi ya sa ake samun abin kamawa ranar biki. Mutanen da suka iya tsare gulbi saboda al'ada, sun fi cancanta su tsare shi saboda umurnin Ubangijinsu.

Allah ya rufe Suratul Mulk da tambayar bayinsa, wa zai kawo musu ruwa in nasu ya ƙafe ya nutse cikin ƙasa. Muna roƙonsa kada ya jarrabe mu da ƙishirwa a bakin gulbi. Allah ya sa albarka a kasuwancin 'yan kasuwarmu, ya ba ma'aikatanmu ikon riƙon amana, ya tsare mu daga ɗaukar haƙƙin wanda ba mu sani ba. Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.